Baba Simon: Limamin Katolika da ya tuɓe takalmi ya zauna cikin mutanen dutse

Ranar 20 ga watan Mayun 2023, fadar Vatikan ta fitar da sunayen wasu mamata da Fafaroma Francis ya amince cewa sun yi rayuwar nagarta wadda ta wuce ta gama-garin mutane. A cikin jerin akwai ɗan Kamaru guda ɗaya, Simon Mpeke. A kudancin ƙasar, inda aka haife shi aka kuma binne shi, ana tuna shi a matsayin tsohon limamin cocin New-Bell da ke Duwala. A duwatsun Mandara kuwa, can tsakanin Marwa da Mora, sunan da ya bi shi har yau shi ne Baba Simon.

Mutumin bai taɓa zama bishop ba, bai kuma bar dukiya ba. Abin da aka fi faɗa a kansa shi ne yana da shekara 53 ya bar babban coci a birni mafi girma a ƙasar, ya tafi arewa mai nisa, ya yi shekara 16 yana hawa duwatsu ba takalmi, yana kwana kan tabarma, yana cin abin da masu masaukinsa suka ci. To me zai sa dattijo ya yi wa kansa haka? Amsar tana cikin abin da mabiya ɗariƙar Katolika ke kira almajiranci, wato bin sawun Annabi Isa (A.S.), wanda suke kira Yesu Almasihu, a cikin al'amuran yau da kullum. Da yawa cikinmu muna kasuwa ɗaya da su, muna zuwa asibitocinsu, wasu ma a makarantunsu suka yi karatu, amma ba kowa ne ya san abin da ke motsa su ba. Rayuwar wannan dattijo ta isa ta nuna mana shi a sarari.

Daga Edea zuwa New-Bell

An haifi Simon Mpeke a 1906 a ƙauyen Batombe kusa da Edea, lokacin Kamaru tana hannun Jamusawa. Iyayensa manoma ne 'yan ƙabilar Bakoko masu bin addinin gargajiya. Ya shiga makarantar mishan ta Edea wadda limaman Jamus suka kafa. Da yaƙin duniya na farko ya fitar da Jamusawa daga ƙasar a 1916, sai limaman Faransa suka gaji wurin, su ne kuma suka yi masa baftisma a watan Agustan 1918, yana ɗan shekara 12.

A wancan zamani, yaro baƙar fata bai saba ganin limamin coci irinsa ba. Fada, a idon kowa, Bature ne. Masu rubuta tarihinsa sun ce hoton wasu limamai 'yan Afirka da ya gani a wata mujalla ne ya nuna masa cewa ashe ƙofar ba a rufe take ba. A 1924 ya shiga makarantar horar da limamai a Yawunde, ya yi shekara 11 yana karatu. Ranar 8 ga Disamban 1935 aka naɗa shi, yana cikin mutum takwas na farko 'yan asalin Kamaru da suka zama limaman Katolika.

Ya fara aiki a Ngovayang, cikin dajin kudu. A 1947 aka kai shi New-Bell. Duk wanda ya san Duwala ya san unguwar nan: matattarar baƙi ce, inda Bamileke da Basa da Ewondo da Hausawa suka yi sansani, kowa da ɓangarensa, ga babban gidan yari a tsakiya, ga cunkoso, ga talauci. A Duwala aka kafa jam'iyyar UPC mai neman 'yanci a 1948, kuma New-Bell na cikin wuraren da tarzomar watan Mayun 1955 ta fi ƙamari. A cikin wannan hayaniya Fada Simon ya yi shekara 12 yana gina coci da makaranta, jama'arsa na ƙaruwa, sunansa na tashi. Da ya so zama, da ya tsufa a wurin cikin girma da rufin asiri.

Darasin Nazarat

Abin da ya juya masa tunani ya faro ne daga hamadar Sahara. Akwai wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, ɗan masu hali, tsohon hafsan soja, wanda ya yi watsi da addini tun yana saurayi. A 1883 zuwa 1884 ya zagaya Maroko cikin ɓad-da-kama, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa ganin yadda Musulmi ke tsayar da salla ne ya girgiza shi, har ya koma neman Allah. Ya dawo cikin Katolika a 1886, daga baya ya zama limami, ya tare a Tamanrasset cikin Buzaye, ya yi shekaru yana haɗa ƙamus na harshensu, har aka kashe shi ranar 1 ga Disamban 1916. Masu tarihi har gobe suna muhawara a kan kusancinsa da sojojin mulkin mallaka na Faransa. Duk da haka tunanin da ya bari ya yi nisa.

Tunanin mai sauƙi ne. A Linjilar da Kirista ke karantawa, Annabi Isa (A.S.) ya yi kusan shekara 30 a ƙaramin garin Nazarat yana zaune cikin dangi a gidan kafinta, ba wanda ya san shi, sannan ya yi kimanin shekara uku yana wa'azi. De Foucauld ya ce to ai mafi yawan rayuwar ke nan aka yi ta a ɓoye, cikin aikin hannu da maƙwabtaka. Saboda haka mai son ya bi shi sai ya fara daga nan: ya zauna cikin talakawa, ya yi irin aikinsu, ya ci irin cimarsu, ya bar halinsa ya yi magana kafin bakinsa.

Bayan mutuwarsa aka kafa ƙungiyoyi a kan wannan tafarki. Ta maza, Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, ta fara a 1933 a El Abiodh Sidi Cheikh da ke Aljeriya. Ta mata ta biyo baya a 1939. A farkon shekarun 1950 suka iso Kamaru, Fada Simon ya haɗu da su, abin ya shige shi ƙwarai. Ya shiga cikin limaman farko da suka kafa zumuncin Jesus Caritas na masu bin wannan hanya. Sai kuma a watan Afrilun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya fitar da wasiƙar da ake kira Fidei Donum, inda ya nemi a riƙa ba da aron limamai ga yankunan da ba su da su, musamman a Afirka. An ɗauka Turawa ake kira. Simon Mpeke ya ga shi ma da shi ake. Ya nemi izinin bishop ɗinsa na Duwala, Thomas Mongo, kuma Bishop Yves Plumey na Garwa ya karɓe shi. A 1959 ya kama hanyar arewa.

Mutanen da aka kira Kirdi

Ya fara sauka a Mayo-Ouldeme, inda 'yan'uwan nan mabiya De Foucauld suka riga shi zama, daga bisani ya tare a Tokombere, a cikin yankin Mayo-Sava na yau. Garin yana gindin duwatsu, kewaye da ƙabilu irin su Mada da Muyang da Zulgo da Uldeme da Moloko, kowace da harshenta da dutsenta. Ana fassara sunan wurin da filin faɗa, domin nan ne ƙabilun kan yi karo in rikici ya tashi.

Wajibi ne a faɗi gaskiyar abin da ya kai mutanen nan kan dutse, ko da kuwa ba daɗin ji. Shekaru aru-aru suna gudun farmakin masu kamun bayi daga masarautun kwari, na Wandala da na Fulani. Littafin tarihin yau da kullum da Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bari, wanda ya shafi 1912 zuwa 1927, cike yake da lissafin hare-hare a kan mazauna waɗannan duwatsu da yawan mutanen da aka kamo. Kalmar Kirdi da aka laƙaba musu daidai take da a ce arna, kuma da raini ake faɗinta. Turawan mulki sun zo sun mulke su ta hannun sarakunan kwari. Bayan 'yanci, a shekarun 1960, hukuma ta matsa musu su sauko daga dutse su zauna a fili, inda sau da yawa ƙasar noman ba tasu ba ce. Mutum ne da aka daɗe ana nuna masa cewa shi ba kowa ba ne.

Cikin waɗannan mutane ɗan kudu ya shigo, ba ya jin harshensu, ga zafin rana da bai saba da shi ba. Abu na farko da suka lura da shi ƙafarsa ce. Mafi yawansu ba su da takalmi, shi ma sai ya ajiye nasa. Da ƙafa yake bin gida-gida a kan duwatsun, ya zauna a inuwa a yi hira, ya halarci makoki, ya duba majinyaci. Ba a daɗe ba suka fara kiransa Baba, sunan kuma ya zauna.

Makaranta, asibiti da dattawan dutse

Aikin da ya fi ba ƙarfi shi ne makaranta. Yakan kwatanta ta da makullin da ke buɗe kowace ƙofa. Dalilinsa a fili yake: wanda bai iya karatu ba, za a cuce shi a wajen awon auduga, a cuce shi wajen haraji, a kai shi gaban alƙali ya rasa bakin magana. Sai dai iyaye ba su yarda da sauƙi ba. Yaro a wurinsu hannu ne a gona da kiwon awaki, kuma duk abin da ya taɓa zuwa daga kwari ɗaukar musu 'ya'ya yake yi. Baba Simon ya riƙa hawa yana lallashi, yaro ɗaya yau, biyu gobe. Waɗanda gidajensu ke nesa ya ba su wurin kwana kusa da shi, yana ci da su. Ya kuma gayyato sistoci daga Duwala domin su kula da mata da 'yan mata. A makarantar ne 'ya'yan ƙabilun da iyayensu ke gaba da juna suka fara zama kan benci ɗaya. Cikin yaran da suka biyo ta hannunsa akwai Jean-Baptiste Baskouda, wanda ya riƙe muƙaman gwamnati ya kuma zama sanata, shi ne ma ya rubuta littafi a kan malamin nasa a 1988.

Wajen lafiya, kusan lokaci guda da zuwansa wani likita ɗan Suwizalan, Giuseppe Maggi, ya kafa asibiti a Tokombere. Limami da likita suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na yawo cikin ƙauyuka yana shawo kan mutane su kawo marasa lafiya, ɗaya na jiran su. Ba a tambayar majinyaci addininsa a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ba abokan aikinsa mamaki shi ne yadda ya ɗauki dattawan da ke jagorantar addinin gargajiya a kan duwatsun. A zamanin da yawancin 'yan mishan ke ganin irin waɗannan mutane a matsayin abokan gaba, shi abota ya ƙulla da su. Yakan je ya zauna ya saurare su, kuma ya sha faɗa cewa ya tarar da mutanen sun riga sun san akwai Allah ɗaya Maɗaukaki. Bai yi gaggawar yi wa jama'a baftisma ba. A ganinsa, wanda aka tauye wa mutunci, abin da ya fara buƙata shi ne ya gane cewa shi mutum ne cikakke.

A 1971 wani matashin limami mai digirin digirgir daga Faransa, Jean-Marc Ela, ɗan Ebolowa, ya zo ya zauna tare da shi. Ela ya yi shekara goma sha wani abu a Tokombere, kuma daga hirar da yake yi da manoma a gindin itace ne ya fitar da littattafan da suka sa aka san shi a duniya, ciki har da wanda ya fito a 1980 a kan kukan mutumin Afirka da na 1985 a kan imaninsa na ɗan Afirka. Jigon maganarsa bai wuce abin da ya gani a wurin Baba Simon ba: addinin da bai damu da rumbun da ya ƙare ba, ko rijiyar da ta ƙafe, ko yaron da ƙyanda ta kashe, to da sauransa.

Yadda gama-garin mabiyi ke yin nasa

Mai karatu zai iya cewa wannan ai limami ne, aikinsa ke nan. To ina ɗan kasuwa da malamin makaranta da mai acaba? Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Vatikan daga 1962 zuwa 1965 ya amsa wannan tambaya: ya ce kiran tsarkin rayuwa na kowane mai baftisma ne, ba a keɓe shi ga limamai da sistoci ba. Fafaroma Francis ya sake jaddada haka a wata wasiƙa ta 2018, inda ya kawo misali da iyayen da ke renon 'ya'ya cikin haƙuri, da masu fafutukar kawo abinci gida, da marasa lafiya masu juriya.

A aikace abin yana da sassa. Akwai ibada: zuwa Misa kowace Lahadi wajibi ne, wasu kuma kullum da asuba suke zuwa kafin su wuce aiki. Akwai gajeriyar addu'a da ake kaɗa mata ƙararrawa sau uku a rana, ƙarfe 6 na safe da tsakar rana da ƙarfe 6 na yamma, wadda duk mai maƙwabtaka da coci ya saba jin ta. Akwai carbinsu mai ƙwaya 59, da ake ja gida biyar, kowane gida ƙwaya goma, ana tuna al'amuran rayuwar Annabi Isa (A.S.) da mahaifiyarsa Nana Maryamu. Akwai lokacin azumi na kwana 40 kafin bikin Ista, wanda ya bambanta da namu: rage ci ne da barin nama a ranakun Juma'a da yawaita sadaka, tare da ranaku biyu na kame baki sosai. Akwai kuma zuwa wurin limami a faɗi zunubi a nemi gafara, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sashe na biyu shi ne abin da suke kira ayyukan jinƙai, guda bakwai da ake koya wa yaro tun yana ƙarami: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Kunnen Musulmi ba zai ji baƙon abu a wannan jeri ba. Inda suka yi fice shi ne wajen tsara aikin. Ƙungiyar Vincent de Paul, wadda wasu ɗalibai ƙarƙashin Frederic Ozanam suka kafa a Paris a 1833, ƙa'idarta ita ce a je gidan mabuƙaci da ƙafa, yawanci mutum biyu-biyu, a zauna a ji damuwarsa. Rundunar Maryamu, da Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, tana taro kowane mako, kuma kowane ɗan ƙungiya sai ya ba da rahoton aikin da aka ɗora masa na kimanin awa biyu, ko a asibiti ko a gidan tsofaffi ko a kurkuku.

A nan Afirka kuma, tun shekarun 1960 da 1970 aka ɓullo da ƙananan tarukan unguwa. Gidaje kaɗan ne ke haɗuwa a tsakar gidan ɗayansu sau ɗaya a mako, a karanta Linjila, sannan a tambaya: wa ke kwance ba lafiya, wa aka kora daga makaranta saboda kuɗi, wace gwauruwa ce rufin ɗakinta ke yoyo? A ƙauyukan da limami ba ya zuwa sai bayan makonni, katikis ne ke riƙe da jama'a. Shi manomi ne kamar kowa, da matarsa da 'ya'yansa, shi ke jagorantar addu'a, ya koyar da yara, ya raka gawa. Irin waɗannan mutane ne ƙashin bayan cocin a arewacin Kamaru.

Tambayar da ake yi a zaure

Akwai maganar da ba a rasa ji in an zauna: duk wannan asibiti da makaranta, ba tarko ba ne na jan mutane zuwa Kiristanci? Tambayar ba ta banza ba ce. Kakanninmu da yawa sun hana 'ya'yansu boko saboda wannan tsoro, kuma tarihin mishan a Afirka ya sha tafiya tare da mulkin mallaka. Shi kansa Baba Simon bai taɓa ɓoye cewa shi limamin Kirista ne ba, kuma burinsa mutane su san wanda yake bi. Bambancin aƙida tsakaninmu da su game da matsayin Annabi Isa (A.S.) babba ne, ba kuma wanda zai share shi da daɗin baki.

Sai dai a cikin cocin kanta an yi sauyi a zamaninsa. Ranar 28 ga Oktoban 1965 taron Vatikan ya fitar da takardar Nostra Aetate, inda a karo na farko cocin ta bayyana a hukumance cewa tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu daraja Annabi Isa da Maryamu, masu salla da zakka da azumi. Ta kuma nemi ɓangarorin biyu su bar gabar da ta wuce su haɗa kai a kan adalci da zaman lafiya. Wata takardar ta taron ta ce haramun ne a tilasta wa mutum addini. A kan wannan turba ce Fafaroma John Paul na biyu ya gana da shugabannin Musulmi a Yawunde a 1985, Benedict na 16 ma ya yi haka a watan Maris na 2009. Ma'aunin da ya rage wa mai kallo daga waje shi ne aiki: shin ana ba da magani da sharaɗi ko babu? A Tokombere, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya layi ɗaya suke bi.

Bayan Baba

Jiki ya gaza masa a tsakiyar shekarun 1970. An kai shi Faransa neman magani, aka dawo da shi gida, ya rasu a Edea ranar 13 ga Agustan 1975 yana da shekara 69, can aka binne shi, nesa da duwatsun da ya ƙare ƙarfinsa a kansu.

A shekarar ce wani limami Bafaranshe wanda kuma likita ne, Christian Aurenche, ya iso Tokombere. Shi da mutanen gari suka faɗaɗa aikin ya zama shiri guda na ɗaga darajar ɗan Adam. Maimakon asibiti ya zauna jiran marasa lafiya, sai aka kafa kwamitocin lafiya a ƙauyuka, ana awon yara, ana rigakafi, ana koyar da tsabtar ruwa da abinci mai gina jiki. Aka buɗe gidan manoma domin inganta noma da tanadin hatsi saboda lokacin bazara da damina kafin sabon amfani ya nuna, aka yi cibiyar matasa, a 1990 kuma aka buɗe sakandare mai ɗauke da sunan Baba Simon. Yawancin masu tafiyar da waɗannan wurare 'ya'yan duwatsun ne.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo da Boko Haram. A watan Nuwamban 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch, Bafaranshe, a Nguetchewe kusa da iyakar Najeriya, aka sake shi ranar ƙarshe ta shekarar. A watan Afrilun 2014 aka sake kwashe limamai biyu 'yan Italiya, Giampaolo Marta da Gianantonio Allegri, tare da wata sista 'yar Kanada, Gilberte Bussiere, a Tchere da ke arewa da Marwa, sai farkon watan Yuni suka kuɓuta. Turawan mishan da yawa sun bar yankin bisa umarnin ƙasashensu. Kolofata da Amchide da Mora, duk a Mayo-Sava, sun sha hare-hare da ƙunar baƙin wake, kuma wuƙar ba ta zaɓi addini ba: an kashe masallata a masallaci, an ƙona coci, an kori dubban mutane daga gidajensu. A irin wannan yanayi ne aka ga amfanin abin da dattijon ya shuka. Da aikin a wuyan baƙi ya rataya, da ya tafi tare da su. Da yake 'yan ƙasa ne ke riƙe da shi, makaranta da asibitin sun ci gaba. A Marwa kuma, Bishop Bruno Ateba, wanda ya karɓi ragamar cocin yankin a 2014, ya riƙa zama da limaman Musulmi da fastoci domin kada rikicin ya rikiɗe ya zama na addini.

Sauran mataki biyu

A tsarin Katolika, kafin a ayyana mutum waliyyi sai an bi matakai huɗu. Da farko a kira shi bawan Allah, a tattara shaidu da duk abin da ya rubuta. Na biyu shi ne wanda Baba Simon ya taka a 2023, na tabbatar da nagartar halinsa. Na uku yana buƙatar wata mu'ujiza da suka yi imani ta faru ta dalilinsa, yawanci warkewar da kwamitin likitoci ya kasa samo mata bayani. Na huɗu kuma sai an samu ta biyu. Abin kan ɗauki shekaru da yawa. De Foucauld, wanda ya mutu a 1916, sai ranar 15 ga Mayun 2022 aka kammala nasa.

Wannan lissafi ne na Roma, kuma al'amarin aƙidarsu ne. Mutanen Tokombere nasu lissafin daban yake. A yankin da shekara sittin da suka wuce da wuya ka sami wanda ya iya rubuta sunansa, yau akwai malamai da nas-nas da likitoci da ma'aikatan gwamnati daga cikin Mada da Muyang da Zulgo. Ƙabilun da suka gaji gaba suna aurayya. Kalmar Kirdi ma, da aka ƙirƙira domin zagi, wasu jikokinsu yanzu da alfahari suke faɗinta.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Baba Simon ya zo wurin da ba a san littafinsa ba, ba a jin harshensa, kuma ana da kowane dalili na zargin baƙo. Abin da mutanen suka iya karantawa shi ne yadda yake gaisuwa, da abin da yake ci, da wanda yake zama kusa da shi, da kuma ko zai dawo gobe. Shekara 16 suna karanta shi a haka, har suka yanke hukunci suka kira shi uba.